Muryar Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

A shekarar da aka rufe masallatai, ladanai suka riƙa ƙarawa a kiran salla cewa kowa ya yi a gidansa, muka ga Ka'aba a talabijin babu kowa sai masu shara, ina tuƙa wani tsohon Bature a Doha. Kamfanin da ke haɗa lasifikoki a filayen ƙwallon da ake ginawa saboda gasar cin kofin duniya ne ya ɗauko shi, ni kuma aka ce in riƙa kai shi ina dawo da shi. Dogo ne, gashinsa fari har kafaɗa, duk damatsansa zane. Ranar da na fara ganinsa na ce a raina Allah ya raba mu lafiya.

Da korona ta yi tsanani aka killace unguwar ma'aikata da ke kusa da Asian Town, inda nake kwana, kamfani kuma ya fara sallamar direbobi. Tsohon nan ya je ofis da kansa ya ce shi ba ya iya tuƙi a garin nan, in an sallami direbansa to a nemi wani ya haɗa lasifikokin. Ƙarya ya yi, ya iya tuƙi sarai. Ya kuma ba ni ƙaramin ɗakin da ke bakin ƙofar gidansa a unguwar Ain Khaled. Da yawa cikin abokan aikina sun koma gida hannu rabbana, ni kuwa iyalina ba su taɓa jin an yanke musu kuɗin da nake aikawa ba. Ban manta da wannan ba ko sau ɗaya, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya ya yi mini nauyi.

A zaman kullen nan na san ko shi wane ne. Ashe tun yana saurayi makaɗi ne, irin kiɗan nan mai ƙara da suke kira rok, na jita mai lantarki da ganguna da ihu. Ya nuna mini hotunansa na da, fuska shafe da farin fenti, jinin ƙarya a baki, ga akwatin gawa a kan dandamali. Abokan kiɗansa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, shi ma likita ya taɓa buɗe masa ƙirji. Yanzu yana so ya yi faifai na ƙarshe, waƙoƙi a jere da za su ba da labari guda. Wani mutum ne ya koma gidan da aka haife shi, ya tarar ɗakuna sun ƙaru. Kowace waƙa ɗaki ce, a kowane ɗaki akwai abin da ya guje wa a rayuwa yana zaune yana jiransa. Ɗaki na ƙarshe yana ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai wani abu a ciki da ke kiransa.

“Malam,” ya ce, don ya ji haka ’yan'uwa ke kirana, “na yi shekaru ina tsorata yara su biya kuɗi su yi dariya. Yanzu ni ne nake jin tsoron, kuma ba mai biyana.”

Yana da wata ’yar rakoda da ba ya rabuwa da ita. Ƙarar ƙofa, kukan injin ɗaga kaya, tsiyayar famfo, duk ɗauka yake yi ya zuba cikin waƙa. Wata rana ya tambaye ni ko zai iya barinta a kunne cikin mota. Na ce ya bari mana, a zatona ƙarar inji yake so.

Ni kuwa ina da wata al'ada. In ina jiransa a bakin filin wasa, nakan rera waƙar mahaifina a hankali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin soro ne, shi ya koya mini rubutun ajami, kuma ya bar waƙar wa'azi guda ɗaya da ya rubuta da hannunsa a kan mutuwa da kwanciyar kabari. Ba a taɓa buga ta ba. Takardun suna gida cikin gafaka, amma waƙar tana kaina. Tana farawa da sunan Allah da salati ga Annabi, kamar yadda ake yi, sannan ta gangara da mai sauraro cikin rami, ta sa shi ya ji takun masu rakiya suna komawa gida.

Wata ranar Juma'a da hantsi ya kira ni cikin gida, fuskarsa cike da murna kamar wanda zai ba da kyauta. Ya zaunar da ni, ya danna na'urarsa. Ganguna suka fara, jita ta yi wani gurnani, sai na ji muryata. Baitocin kabari ne, an yanke yabon Allah da salatin da ke gabansu, an ja muryar ta yi kauri, ana ta buga mata ganga a ƙarƙashi.

“Ka ji?” ya ce. “Watanni ina neman muryar ɗakin ƙarshe, ashe tana gabana tana tuƙa ni. Ban san me kake cewa ba, amma tsigar jikina ta tashi.”

Na miƙe. Na ce lokacin alwala ya yi, na fita.

Mai gadin ƙofar rukunin gidajen wani Bazazzage ne, tsohon abokin tsokanata, ni kuwa Bakano. Shi na kai wa kukana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya kwashe da dariya har takunkuminsa ya zame.

“Alaramma ya zama ɗan rok! To yaushe za ka tara gashi?”

“Kai dai ba ka da hankali. Waƙar mahaifina fa ake magana.”

“To ka ce masa ba ka yarda ba mana. Ko bakin Kanawa sai a kasuwa yake buɗewa?”

“Mutumin da ya tsaya mini? Da wane ido zan ce masa a'a, alhali bai taɓa roƙona komai ba sai wannan?”

Nan ya daina dariya. Ya ce, “Wallahi kana da aiki, ɗan'uwa.”

Na daɗe ina juya maganar. Waƙar wa'azi ba a haɗa ta da kiɗa, ba a kuma sare mata kai. In ta fita duniya a haka, matasa na tsalle a kanta da kwalba a hannu, ban san abin da zan ce wa mahaifina ranar haɗuwa ba. A ƙarshe, muna kan hanyar aiki, na gaya masa. Na fassara masa baitocin gwargwadon Turancina. Na ce mahaifina yana tsorata mutane ne don su farka su tuba, kuma waƙar ba tawa ba ce balle in bayar.

Muka wuce shataletale. Sannan ya ce, “Yaya take ƙarewa?”

“Da rahama. Bayan duk firgicin, sai ya ce Ubangijin da za a koma wa mai jinƙai ne.”

“Tawa ba ta da irin wannan ƙarshen,” ya ce. Ya dubi waje. “Malam, ban yi don in ci mutuncinka ba. Amma in na cire ta, ɗakin ya zama fanko. Ita ce mafi kyawun abin da ke faifan.”

Sai wata dabara ta faɗo mini, ban ma shirya ta ba. Na ce in muryar ban tsoro yake so, ina da wata. Kakata in tana mana tatsuniya ta kai wurin dodo, takan sauke murya cikin ƙirji ta ja kalma, har mu ƙanƙame juna. Ni na gaje ta, ’ya'yana sun sani. Tatsuniya kuwa abin wasa ce, kowa na iya ɗauka. Ya ce in gwada. Na gyara zama a bayan sitiyari na yi masa dodo yana kiran wanda ya shigo masa gida. Tsohon nan ya zabura har gwiwarsa ta bugi gaban mota, sannan ya yi dariya har da hawaye.

Aka sa ni a wani ɗan ɗakin ajiya da ya liƙe da katifu, aka ɗora mini abin ji a kunne. Ni da furfurata, ina gurnani da Hausa ina cewa shigo, shigo, tun kana ƙarami nake ajiye maka wuri. Ya riƙa cewa in sake, in ƙara jan ta, da ɗan Larabcinsa na Doha, yalla Malam, kamar kana jin yunwa. Bazazzagen ya ji labari, ya yi wata guda in ya gan ni sai ya ɓuya bayan ƙofa yana a'uziyya.

Amma tsohon bai yi mini alkawari ba. Abin da ya ce kawai shi ne zai gwada ya gani, in ta zauna to, in ba ta zauna ba za mu sake magana. Ban ga laifinsa sosai ba, na san yadda mai sana'a yake da abin da ya ƙera. Aka buɗe masallatai, na koma masaukinmu, aikin filaye ya taso masa ba dare ba rana, faifan ya kwanta. Na ci gaba da tuƙa shi. Ban tambaya ba, shi ma bai tayar ba. Sai dai na daina rera waƙar a mota, kuma duk sanda na tuna tana cikin na'urarsa da ganga a ƙarƙashinta, sai in ji abinci ya fita raina.

Har gasar ta zo. Gari ya cika da tutoci da baƙi, ko'ina ka bi ana busa da rawa, aikinsa ya ƙare, ya fara haɗa kaya. Wata safiya na kai shi kasuwar Abu Hamour ya sayi dabinon tsaraba. Da muka dawo mota ya ce kada in tayar. Ya ce faifan ya kammala, kuma yana so in ji waƙar ƙarshe kafin ta fita duniya.

Ni ba mai sauraron kiɗa ba ne, amma na zauna na ji ta tun daga farko. Mutumin da ke cikin waƙar yana sauka matakala, ganguna na bin ƙafarsa, muryar tsohon tana rawa, kuma ban ji alamar da gangan yake rawar da ita ba. Ƙofa ta yi ƙara. Na riƙe sitiyari. Sai dodo ya yi magana, shi kaɗai har waƙar ta mutu. Babu baiti ɗaya na mahaifina.

“Ta farko ta fi kyau,” ya ce. “Gaskiya nake gaya maka. Amma wannan ma ta hana jikata barci, na aika mata.”

Ya ciro kwamfutarsa ya ɗora a cinya, ya nuna mini inda ya ajiye ainihin abin da rakoda ta ɗauka, waƙar cikakkiya da farkonta, babu kiɗa. Ya tura mini ita a waya. Sannan ya juyo da kwamfutar ya ce in goge tasa da hannuna, da wadda ya haɗa da ganguna. Na ce bismillah, na goge.

“Khalas?” ya ce, wato shi ke nan a Larabce.

Na ce, “Yallaɓai, saura abin da ka yi mini lokacin cuta.”

“Ka biya. Ka san nawa ake ɗaukar dodo a ƙasarmu?”

Ya miƙo hannu, na kama da hannu biyu. Na yi masa addu'ar da ake yi wa mutumin kirki, cewa Allah ya shirye shi ya sa ya gama lafiya, ya ce amin yadda ya ji muna faɗa. Mai mota a bayanmu ya matsa oda yana son wurin, na tayar muka tafi.