Anti Shuɗi, Wadda Ta Rina Madarar Ƙanenta

Kafin motar madara ta farko ta shigo masana'anta, Anti Shuɗi tana bakin ƙofa cikin farar rigarta. Kowace garwa sai ta buɗe, ta ɗebi kaɗan, ta kai ɗakin gwaji. Wadda ta lalace kuwa, nan take za ta tsiyaya mata ruwan shuɗi, don kada a zagaya a sayar. Shi ya sa direbobi suka raɗa mata wannan suna.

Ba banza aka kawo ta ba. Shekarar da gurɓatacciyar madara ta kwantar da yara a asibiti, har da tawa 'yar, mu iyaye muka yi rantsuwa madara ba za ta ƙara shiga gidajenmu ba. Gwamnati ta yi doka, kamfanoni suka sa hannu, aka turo masu gwaji. Muka taɓe baki. Wa zai hana ɗan'uwansa?

Ashe akwai! Wata safiya ƙanenta mai kiwon shanu ya iso a makare, na'urar sanyin motarsa ta mutu a hanya. Gwaji ya nuna madarar ta fara juyawa. Direbobi suka zuba ido.

"Yaya, ni ne fa," in ji shi. "Ai tafasawa za a yi."

"Na gane ka, Auta. Matsa gefe, kada ya ɓata maka riga."

Ta bi garwa-garwa ta rine su kaf! Mai shara ta ce daga baya ta same ta a ɗakin gwaji tana share hawaye. Auta ya daɗe ba ya gaishe ta. Amma kafin la'asar labarin ya gama kasuwa, mata muna ta tafa hannu muna cewa, "Ƙanenta fa, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Ke ce kika sa muka yarda dokar nan da gaske take, Anti. Wallahi daɗi ya cika ni da na ga Auta a taron ajiye aikinki, shi ne ma mai raba kujeru!

Mun gode, Allah ya saka miki. Masu gwajin da ke tasowa, ku yi irin nata, ko wa ke tsaye a gabanku. Yau da safe na zuba wa 'yata madara, ta shanye, ta tafi makaranta. Sai da ta fita na lura ko sunsunawa ban yi ba.