Ƙafa Biyu a Baho Ɗaya

Ina kan babur, ina dawowa Samaru daga kasuwar Sabon Gari, mota ta banke ni, ƙashin ƙuguna ya karye. Ƙashin ya haɗe cikin 'yan watanni, amma ƙafar hagu ta daina jin komai. Likita a asibitin Shika ya ce karayar ta taɓa jijiyoyin da ke fitowa daga ƙasan gadon baya su sauka ƙafa. Wataƙila su farfaɗo, wataƙila a'a. Haka nake jan ƙafar kamar ta aro, silifa ya zame a hanya ban sani ba.

Matata ba ta san wata "wataƙila" ba. A gidansu duk ciwon ƙashi gashi ake yi masa. Ta zuba ruwan zafi a baho, ta tsoma mini ƙafar.

"Malam, ya yi zafi?"

Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ta ƙara daga buta. Kafin azahar ƙafar ta yi bororo har idon sawu. Ni ban ji komai ba, ita ta yi kukan mu biyu.

Da ƙunar ta warke, likita ya ce ruwan ɗumi kawai. Ita kuwa ta daina yarda da hannunta, wai girki ya kashe shi. Kullum da safe sai ta jawo kujera, ta fara zura tata ƙafar a baho, sannan tawa. Mu zauna a haka, tana tsinke zogale, ni ina mita. Na ce mata maƙwabta za su ce tsufa ya taɓa mu. Ta ce su ce. A raina na riga na haƙura da ƙafar, tausayinta ne kawai ya hana ni faɗa.

Wata safiya da damina, ina tsakiyar mitar, na ji wani nauyi a kan babban yatsana, kaɗan, kamar ta cikin bargo.

"Ke, ɗaga ƙafarki mana, kin taka ni."

Ta ajiye zogalen a hankali. Ba ta ɗaga ba, sai ma ta ƙara dannawa, idonta ya cika da hawaye.

"Malam," ta ce, "wata bakwai ke nan kullum ina taka ka."