Jagoran da Ke Tafiya a Baya

Tun unguwa ba ta gama farkawa ba, Baba Na-Baya ya riga ya kama hanyar dutse da addarsa da tsohon buhu. Ya sare ƙayar da ta leƙo hanya, ya ture duwatsun da ruwa ya gangaro da su, ya tsince ledojin da mu marasa kunya muka yar. Aikin da aka ɗauke shi ke nan, kula da gandun dajin bayan gari. Yawon yamma kuwa ba wanda ya sa shi. Duk kaka, idan ruwa ya ɗauke, ganye ya fara ja yana zuba, sai ya tara mu ran Asabar, manya da yara, ya hau da mu dutse mu ga faɗuwar rana.

Halinsa ne ya ja masa sunan. Jagora ne, amma ba ya shiga gaba. Sai ya tura mai ƙarfin ƙafa gaba, shi ya koma ƙarshen layi inda masu haki suke.

Telan layinmu, mutum mai jiki masha Allah, shi ya tona mana dabararsa. Ranar da ya fara zuwa, numfashi ya ƙare masa a tsakiyar hawa, kunya kuma ta hana shi magana. Sai Baba ya ɗaga murya: "Jama'a, ku dawo ku ga wani ganye!" Muka dawo, ya yi ta bayani a kan ganyen da ko akuya ba za ta kalla ba, har tela ya dawo hayyacinsa. Daga baya tela ya ce mana, "Wallahi ba ganye ya gani ba, ni ya gani."

Baba, kai ne ka hutar da mu ba tare da ka kunyata kowa ba. Kai ne ka hau da masu ciki da masu sanda, ba ka taɓa barin wani a hanya ba.

Bana gwiwa ta ci amanarsa, ya ajiye aiki. Burinsa ɗaya, ya sake ganin rana tana faɗuwa daga can sama kafin ya haƙura da hawa. Mu dai gabanmu ya faɗi, don rana ba za ta jira gwiwar kowa ba. Nas ɗin unguwa ta bi gida-gida ta ce a fito da wuri, shi kuma ta ce masa ai yini ne ya gajarta.

Ba mu yi nisa ba ya fara ɗingishi, yana cije leɓe. Sai tela ya tsaya cak.

"Baba, wannan wane ganye ne?"

Baba ya zauna a kan dutse ya yi bayani. Can gaba nas ta tambayi wata ciyawa. Ni ma na nuna wata sheƙar tsuntsu da na sani sarai. Haka muka yi ta jahilci har sama.

Mun isa sama rabin rana ya nutse, sauran rabin ja wur a bayan itatuwa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya goge ido da hannun riga ya juyo.

"Kai tela, ganyen nan ai shi na nuna maka ranar farko."

"Na manta ne, Baba."

"Ƙarya kake, ɗan nan. Allah ya yi muku albarka."

Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba.

Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yawon bai mutu ba: tela ne ya karɓi ƙarshen layi, yana ta haddar sunayen ganye. Ku da ke karantawa, duk inda aka ba ku jagoranci, ku riƙa waiwayawa, akwai mai haki a baya da kunya ta hana shi magana.