Na-Sama, Mai Hawa Ƙarfen Rediyo

Kafin a fara kiransa Na-Sama, haƙar rijiya ce sana'arsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, rabin ƙuruciyarsa a cikin rami ya yi ta, yana cika guga da ƙasa ana ja. Matarsa, wadda yaran layi ke kira Iya, takan ce ita dai ta auri mijin da ba ta ganinsa sai ta leƙa.

A layin nasu akwai wani mai gyaran rediyo da ake ce wa Injiniya. Shi ya fara gidan rediyon garin, a ɗakin bayan shagonsa. Ya lulluɓe bango da kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna don kada ƙarar babura ta shiga, ya ɗaure eriya a kan gora, ya roƙi wata malamar firamare mai ritaya ta riƙa karanta sanarwa: wane ya rasu, akuyar wance ta ɓace, gobe za a yi wa yara allura. Sai dai muryar Malama ba ta wuce bakin kasuwa. Mutanen gangare suna ta tsiya, wai gara ta buɗe taga ta ɗaga murya.

Ana nan, 'yan kasuwa suka haɗa kai suka samo wani dogon ƙarfe daga masana'antar da ta daina aiki. Masu kafawa suka kafa shi a filin bayan shago suka koma birni, sabuwar eriyar kuwa ba ta iso ba sai bayan tafiyarsu. Duk wanda ya zo ɗaura ta sai ya ɗaga kai, hularsa ta faɗi, ya tuna yana da uzuri.

Injiniya ya sami mai haƙar rijiya a ƙofar gida. "Maƙwabci, kai ne ka saba da igiya."

"Ƙasa na saba da ita."

"Ai zurfin ɗaya ne, juya shi aka yi."

Iya ta ce daga tsakar gida, "Maigida, a rijiya in ka faɗa ruwa zai tare ka. A nan fa?"

Da safe ya goya eriyar a baya, ya yi ɗamara da igiyarsa ta aiki, ya cire takalmi ya kama hawa. Bai duba ƙasa ba. Tun bai yi rabi ba ya ji ƙarfen yana lilo a hankali kamar mai numfashi, iska tana cika masa riga. Ya kai ƙoli, ya ɗaure, ya matse kusoshi yadda aka nuna masa, ya sauko kaɗan ya kaɗa hannu. Sai a lokacin ya duba.

Bai taɓa sanin garin da aka haife shi haka yake ba. Ga rufin kwano yana ƙyalli har bakin kogi, ga asibiti kamar akwatin ashana, ga rijiyoyin da ya haƙa da hannunsa, baƙaƙen ɗigo a tsakar gidajen mutane. Yana cikin kallo Injiniya ya kunna na'ura. Tun jiya an sanar kowa ya bar rediyonsa a buɗe. Malama ta yi gyaran murya ta yi sallama, sai sallamar ta taso masa daga ko'ina lokaci guda: daga shagon tela, daga tashar mota, daga gangare, har daga tsallaken ruwa, murya ɗaya tana fita ta ɗaruruwan tagogi. Bayanta ya ji gari ya amsa, wani irin gunji mai taushi. Ya rungume ƙarfen ya daɗe a haka, har na ƙasa suka zaci jiri ne ya kama shi.

Daga ranar sunansa ya ɓace, ya zama Na-Sama. Gidan rediyo ya bar bayan shago ya koma gini mai ɗaki uku. Injiniya ya rasu, Malama ta tsufa, matasa masu kwamfuta suka gaje su. Shi kuwa yana nan. Guguwa ta karkatar da eriya, ya hau. Tsawa ta ƙone waya, ya hau. Tsuntsaye suka yi sheƙa a ƙoli, ya ƙi taɓa ta sai da 'ya'yan suka tashi. In magana ta yanke ta dawo, mai gabatarwa kan ce, "A yi mana haƙuri, Na-Sama ne ya je ya dawo." Sau ɗaya suka zaunar da shi gaban makirfo, ya yi gumi sharkaf, ya ce a gaida kowa, ya tashi.

Yanar ido ce ta sauke shi. Aka kai shi babban asibiti mai nisan tafiyar yini, aka yi masa aiki aka naɗe idanun. A gadon kusa akwai wani tsoho makiyayi, shi ma a naɗe, yana ta murɗa ƙaramin rediyo. Can cikin shuuu sai ga taken tasharsu, siriri kamar zare.

"Wannan muke ji a bayan duwatsu," in ji makiyayin. "In ta ɗauke ba ma kashewa. Mun san wani bawan Allah yana can sama yana fama."

Iya tana zaune a bakin gado ta ce, "To ga shi nan kusa da kai, Baba."

Tsohon ya ajiye rediyon. Sannan ya miƙo hannu yana lalube, har ya kamo na Na-Sama. Ya shafa tafin, ya bi kantar da igiya da ƙarfe suka bari yatsa bayan yatsa, bai saki ba.

"Na ɗauka ƙato ne kai," ya ce a hankali. "Ashe hannun ne kawai."

Na-Sama ya tambaye shi ko tashar tana kamawa sosai a wajensu.

"Da rani ras. Da damina sai mun hau tudu."

"Gabas kuke ko arewa?"

"Gabas."

Na-Sama ya juya wajen matarsa. "In mun koma ki tuna mini, in gaya wa yaran tasha su ɗan karkata eriyar gabas."