Farashin Audi Mai Sanyi

Audi Mai Sanyi ba ya faɗin kuɗin aiki sai ya ga ƙofar gida. In get ne na ƙarfe mai fenti, farashi daban. In ƙyauren langa-langa ne, daban. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin cuta ba, cewa yake kowa da ƙarfinsa. Haifaffen Baure ne, a Kano ya koyi gyaran firji da esi, injin sanyaya ɗaki, ya dawo Daura da jakar kayan aiki da tsani ɗaya. Alhaji Maliki, wani dillalin shanu, ya ba shi hayar shago kusa da tasha. A wannan shagon ya yi aure, a nan ya yi suna, har ya zama in bazara ta kama wayarsa ba ta hutawa.

A irin wannan bazarar ce Malam Yazid, malamin sakandare, ya kira shi. Esin ɗakin matarsa Khairunnisa ya tsaya, ga ta da ɗanyen jego.

Tun a zaure aka tare shi. Hajiya Barakatu ce, mahaifiyar Yazid, kuma yayar Alhaji Maliki uwa ɗaya uba ɗaya. Audi ya durƙusa ya gaishe ta.

"Tashi, ɗan nan. Abin nan da ka zo gyarawa, ba na so ya tashi sai an yi arba'in."

"Hajiya, ai zafin nan..."

"Zafin shi ne maganin. Ina ka taɓa jin maijego ta kwana cikin sanyin inji? Sanyi ya shige ta, wa zai yi jinya? Ni na haifi bakwai, duk a kan gadon wuta na kwanta, ga ni garau. Shi Yazidu boko ya cika masa kai, in na hana zai ce na tsani matarsa. Kai za ka hana. Ka faɗa masa kuɗin da ba zai iya ba." Ta gyara mayafi. "Ya shagon? Maliki na ta yabonka."

Audi ya gane abin da ke cikin tambayar. Ya ce shago lafiya lau.

Aka yi masa iso ya shiga. Tagogi a rufe, kasko cike da garwashi a ƙarƙashin gado, ƙamshin kunun kanwa ya cika ɗakin. Khairunnisa na jingine da filo uku, ƙafafunta sun kumbura, tana amsa gaisuwarsa kalma ɗaya-ɗaya kamar wadda ta yi gudu. Ya kawar da kai, ya fita bayan ɗaki ya hau tsani ya buɗe injin waje. Kallo ɗaya ya ga matsalar: kafasita ce ta kumbura, wani ɗan gwangwani da ke ba injin ƙarfin tashi. Yana da irinta a jaka. Aikin da bai fi a sha shayi a tashi ba.

Yazid na ƙasa yana riƙe masa tsani. "Yaya, Malam Audi?"

"Kwamfiresa ce ta ƙone," in ji Audi, bai duba ƙasa ba. "Ita ce zuciyar injin. Sabuwa, da gas, da aiki, sai dubu ɗari uku da hamsin."

Ya ji tsanin ya ɗan motsa a hannun Yazid. Sai Yazid ya ce, "To. Allah ya hore."

A hanya Audi ya yi ta faɗa wa kansa cewa biyayya ya yi wa babba, kuma ai tsofaffi sun fi sanin jego. Bai karɓi ko sisi ba, to wa ya cuta? Kafin ya kai shago ya kusa yarda.

Bayan kwana biyu, da azahar, ya hango Yazid tafe a ƙasa, rigarsa jiƙe da gumi. Mutumin da kullum kan babur yake. Ya ajiye baƙar leda a kan firjin da Audi ke gyara.

"Na sayar da mashin ɗin, ga kuɗin. Jiya na kai ta asibiti, likita ya ce zuciyarta ce ta kumbura, zafi da kanwa na ƙara mata. Ya ce a daina wankan jegon, a sa ta wuri mai sanyi. Hajiya ta ce likita yaro ne. Amma in esin ya tashi, ba ta da ta cewa. Don Allah yau."

Audi ya tsura wa ledar ido. Abin da ya fara zuwa masa ba tausayi ba ne, lissafi ne. Ya sa sabuwar kwamfiresa, ya tafi da tsohuwar wadda lafiyarta lau, ya sayar, riba biyu. Hajiya kuwa sai ya ce mata ya yi iyakar yinsa, ɗanta ne ya biya. Ba mai kama shi. Har ya miƙa hannu.

"Sai dai tsohuwar ka bar min," in ji Yazid. "Abokina Hafizu da ke irin aikinku a Katsina ya ce in kai masa, ko da ta ƙone za a sami na cefane a jikinta."

Hannun Audi ya tsaya a kan ledar. Hafizu zai jona ta ta tashi, kafin magariba labari ya iso Daura.

"Mu je," ya ce. "Riƙe kuɗinka tukuna."

Hajiya Barakatu na tsakar gida tana hura wutar ruwan wanka lokacin da suka shigo. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ya hau tsani yana jin idonta a ƙeyarsa. Ya daɗe a sama yana kwance abin da ba ya buƙatar kwancewa, yana neman hanyar da babu. Daga ɗakin yana jin tarin Khairunnisa, gajere, a jere. Ya zaro kafasitar daga jaka ya sa.

Injin ya yi gurnani ya tashi.

"Allah ya taimake ka, Malam Yazid," ya ce da ya sauko. "Ashe ba ta ƙone ba. Wannan ce." Ya nuna masa ɗan gwangwanin. "Dubu takwas."

Yazid ya juya shi a tafin hannu. Ya dubi Audi, ya dubi mahaifiyarsa da ta daina hura wuta, ya sake duban Audi. Bai ɗaga murya ba.

"Shekaranjiya ma a nan matsalar take?"

Audi ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa.

"Wanda na sayar wa mashin ya riga ya wuce da shi Baure." Yazid ya biya shi, ya shiga ɗaki. Suka ji ya jawo kaskon garwashin ya fito da shi, ya dire a gaban Hajiya, ya koma ya rufe ƙofa.

"Sannu da aiki, ɗan nan," in ji Hajiya. "Ka gaida Maliki."

Kafin wata ya ƙare Alhaji Maliki ya aiko cewa ɗansa na son shagon. Yazid bai sake kiran Audi ba, malaman makarantarsu ma haka. An ce Khairunnisa ta sami sauƙi, wasu na cewa maganin asibiti ne, Hajiya na cewa wankan da ta riga ta yi ne.

Yanzu Audi na ƙarƙashin wani darbejiya a bayan tasha, firji biyu a gefensa, tsanin jingine da bishiya. In ana hira yakan ce tarin yarinyar nan ne ya sa ya kasa. Ba ya ambaton Hafizu.