Dutsen Inna da Rana Tsaka

Ɗaukar hoto ce sana'ata, kuma ba cika baki ba, a unguwar Dilimi ta Jos a wancan lokacin babu wanda ya fi ni iya riƙe kyamara. Hotunan biki da suna da na fasfo ne ke ciyar da ni, amma zuciyata tana daji. Wasu manyan ma'aikata mazauna Rayfield sukan tafi da ni idan za su yawon buɗe ido a gandun daji wajen Bauchi, in ɗauke su suna murmushi a jikin mota. Da na sallame su sai in juya in ƙarar da sauran fim ɗin a kan abin da raina ke so: kuka tsaye ita kaɗai, giwaye ƙanana can nesa, sama ta cinye fiye da rabin hoton.

Ina da dokokina, ba na kuma wasa da su. Abin da kake son a gani, kada ka dasa shi a tsakiya, matsar da shi gefe ido ya yi tafiya kafin ya same shi. Idan rana ta take, mayar da kyamara jaka, haskenta ba ya da kunya. Abin da na fi ƙauna kuwa shi ne farin hazon nan na damina da ke kwanciya a kan duwatsun Jos da sassafe. Mutanenmu ba su gane wannan ba. Ranar da na fara kai irin fim ɗin wanki, mai wankin ya miƙo mini masu mutane kawai. Da na tambayi sauran sai ya ce, "Oga, wancan ya lalace, babu mutum a ciki." Sai da muka kusa ba hammata iska kafin ya yarda cewa da gangan na yi.

A shekarun nan ne idon Inna ya fara tafiya. Inna kakata ce ta wajen uba, tana zaune a gidanmu na unguwar Abattoir, inda mahaifina ke cinikin shanu. A ruga ta tashi, a gindin wani dutse can gaba da Rayfield, bayan tafkunan da masu haƙar kuza suka bari. Likita ya ce an makara, ganin zai yi ta raguwa ne har ya ƙare. Ga gwiwa ta hana ta tafiya, mota kuma ba ta isa wurin.

Wata rana na shiga gaishe ta, ta ce, "Maigida, kai da kake bin arna da Musulmi kana ɗaukar musu itatuwa, matarka ba ta isa ka ɗauko mata dutsen garinsu ba?" Haka muke wasanmu na jika da kaka. Na ce, "Tsohuwa, da kin daina kishin da kike yi da kyamarata, da tuni an wuce wurin." Ta yi dariya. Ta ce so take ta ƙara ganinsa sau ɗaya kafin fitilar ta mutu. Maganar ta soke ni, na fita ban ƙarasa shan furar da ta dama mini ba.

Na yi ta zarya a kan acaba da asuba, har ranar da hazon ya zo yadda nake so. Dutsen ya leƙo daga cikinsa a gefen dama, ruwan tafki a kwance ƙasa, wani makiyayi ya gifta da shanunsa daidai lokacin da na danna. Tun kafin a wanke na san ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Na sa aka yi mini babba, na kai mata ina tafe ina hura hanci.

Ta fito tsakar gida, ta kai shi kusa da fuska, ta nisanta shi, ta karkata shi wajen haske. Ta daɗe. Can ta miƙo mini ta ce, "Maigida, wannan ai abin da nake gani ne kullum. Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Hazo zan aike ka ka sayo mini?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na fara yi mata bayanin haske da tazara, ta katse ni. "Ni ban san wannan ba. Kuma ta bayansa ka tsaya. Rugarmu tana gabas, inda yake da tsaga."

Washegari na koma, na zagaya ta gabas cikin ciyawa har gwiwa, na sami tsagar. Na zauna a inuwa na jira rana ta zo tsakiyar ka, lokacin da ko almajirina ba zan bari ya ɗaga kyamara ba. Na matsa kusa har dutsen ya cika idon kyamarar, na dasa shi a tsakiya ɗoɗar, babu sama, babu tafki, babu saniya. Fari fat da baƙi ƙirin, inuwar tsagar ta raba shi biyu. Mai wanki da ya gani ya ce, "Oga, yau kuma dutse ne ya zo yin fasfo?"

Inna ba ta karkata wannan ba. Tana karɓa ta ɗora yatsa a kan baƙin layin nan ta ce, "Ga shi." Ta ce a cikin tsagar suke fakewa ita da yayarta idan ruwa ya tare su da maruƙa, a nan kuma ta ɓoye ranar da ta fasa ƙwaryar nonon uwarta. Ta yi ta magana har aka kira la'asar, hawaye na bin kuncinta tana dariya. Ni da aka haifa a gabanta ban taɓa jin tana da yaya ba sai ranar.

Har gobe ina nan a kan bakana: na hazon ya fi kyau, nesa ba kusa ba. Yana rataye a shagona, masu ido suna tsayawa su yaba. Na rana tsakan kuwa da wani ne ya ɗauka ya kawo mini in duba, da na ce ya nemi wata sana'a.

Kafin damina ta zagayo ganin Inna ya ƙare gaba ɗaya. Hoton rana tsakan yana cikin kwallarta, kusurwarsa ɗaya ta yi laushi don riƙo. Duk baƙon da ya shigo sai ta sa an ɗauko, ta shafa ta nemo kusurwar, ta juya shi daidai, yatsanta ya sauka a kan tsagar ba kuskure. Ranar ƙarshe da na same ta da ƙarfin hira, na tsokane ta na ce ko in kawo mata na hazon ta sake dubawa. Ta rungume nata a ƙirji ta ce, "Riƙe abinka, Maigida. Ni ina ganin nawa."