Bogumil Wrona, Shugaban Maɓoya

Shekara talatin da huɗu Bogumil Wrona ya yi yana kula da wani bene mai hawa biyar a wani gari da ke gabashin Poland. Shi ne shara, shi ne gyaran famfo, shi ne raba faɗan maƙwabta. Yana ɗan makaranta an koya masa cewa bam daga yamma zai zo. Da ya tsufa aka ce a'a, daga gabas ne.

Da babbar maƙwabciyar ƙasar ta fara cika baki a talabijin cewa nukiliyarta na nan a ɗane, gwamnati ba ta yi wasa ba, ta kafa kwamiti. Kwamitin ya turo wani jami'i mai ƙamshin turare, ya leƙa ɗakin da ke ƙarƙashin benen, ya rubuta cewa zai ci mutum ɗari uku. Nan take ya naɗa Bogumil shugaban maɓoya, ya damƙa masa usur.

"Ranka ya daɗe, ƙofar nan rabonta da rufuwa tun ba a haife ka ba," in ji Bogumil.

"A takarda tana rufuwa, Pan Bogumil," in ji jami'in. Pan a harshensu malam ke nan, Pani kuma malama.

Ranar gwaji jiniya ta ɗauki kuka, Bogumil ya busa usur har jijiyoyin wuyansa suka fito. Mutum goma sha tara suka sauko, kusan rabinsu don su ga ko an taɓa musu buhunan dankalin da suke ajiyewa a ɗakin. Pani Genowefa, tsohuwar da ke hawa na biyu, ta tokare gaban kwalaben kabejinta mai tsami.

"Pani, a kwashe kwalaben nan, wurin mutane ne."

"Ji shi! In bam ya faɗo, usur ɗinka za mu ci?"

Bogumil ya ga gaskiyarta. Ya rubuta wa kwamiti yana neman ƙofa da ruwa da fitila. Bayan wata bakwai amsa ta iso: koren allo mai kibiya, yana nuna matakala ga mutanen da suka tsufa suna hawanta.

Abin ya ci masa rai. Ya aro injin walda, ya shafe wata uku yana fama da ƙofar shi kaɗai, har ta rufu ruf. Magajin gari ya zo da masu hoto, ya yanke ƙyalle, ya yaba hangen nesan gwamnati. Aka roƙi Bogumil ya ɗan matsa, wai rigar aikinsa ta yi maiƙo. Ya matsa bayan tukunyar ɗumama gida, yana cin burodinsa da man shanu, har aka gama tafi.